Ciwon Zuciya A Wurin Yara: Wanda Ake Haihuwa Da Shi Da Wanda Gafala Ke Jawowa

Duk mai sauraron gidajen rediyonmu, ko mai duba Facebook da WhatsApp, ya saba da wata irin sanarwa wadda ta zama ruwan dare, wato ta uban da ya fito yana neman taimakon bayin Allah saboda likitoci sun ce ɗansa yana da rami a zuciya, kuma babu halin yi masa aiki sai an tara miliyoyin naira an kai shi Indiya. Jama'a kuwa, bisa kyakkyawar ɗabi'arsu ta tausayi, sukan kawo abin da ya sawwaƙa, wata sa'a kuɗin ya cika yaro ya tafi, wata sa'a kuma rai ya yi halinsa tun ba a kai rabi ba. Ba mu da abin cewa game da wannan taimako face addu'ar Allah Ya saka da alheri. Amma wannan jarida tana ganin ya kamata a dubi mas'alar tun daga asalinta, domin ciwon zuciya a wurin yara kashi biyu ne manya, kuma kashin da ya fi sauƙin hanawa, wanda kuɗin maganinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne muka fi gafala da shi.

Zuciya, kamar yadda masana ilmin ɗibbu suka bayyana, tamkar gida ce mai ɗakuna huɗu, biyu a dama biyu a hagu, da bango a tsakani, da ƙyauraye huɗu masu buɗewa jini ya wuce su rufe kada ya komo. Ɓangaren dama yana tura jinin da ya gama zagaya jiki zuwa huhu domin ya sha iska, na hagu kuma yana karɓar wanda ya dawo daga huhu ya raba wa dukkan gaɓoɓi. Ba laifi mu tuna, ko da a gurguje ne, cewa malamin da ya fara tabbatar da wannan tsari Musulmi ne, wato Ibnun Nafis, mutumin Sham da ya zauna a Alƙahira ya rasu a 1288, wanda cikin sharhin da ya yi wa littafin Ibnu Sina ya saɓa wa tsohon likita Jalinusu, ya ce bangon da ke tsakanin ɗakunan nan ba shi da wata kafa, lalle sai jini ya bi ta huhu. Yaron da aka ce yana da rami a zuciya shi ne wanda wannan bango nasa bai gama haɗuwa ba tun yana ciki, cikin makonnin farko da ake halittar zuciya, lokacin da sau da yawa uwa ba ta ma san ta ɗauki ciki ba.

Ƙididdigar likitoci a ƙasashe dabam-dabam ta nuna cewa cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 8 ko 9 suna zuwa da wani lahani a zuciya, ko rami ne, ko ƙyaure mai ƙunci, ko jijiyar da ya kamata ta toshe bayan haihuwa ta ƙi toshewa. Idan kuwa aka yi la'akari da cewa ana haihuwar jarirai wajen miliyan 7 kowace shekara a Nijeriya, to, waɗanda wannan jarrabawa ke samu ba za su gaza 50,000 ba a shekara guda. An san wasu daga cikin sabubban: ciwon suga a jikin mai ciki idan ba a kula da shi ba, da shan wasu magunguna barkatai, da cutar rubela wadda ake kira ƙyandar Jamus, wadda wani likitan ido a Ostareliya, Norman Gregg, ya gano a 1941 cewa idan ta kama mace a farkon ciki takan ɓata idon jariri da zuciyarsa, kuma yanzu tana da rigakafi. Auren zumunci da aka daɗe ana nanatawa cikin dangi guda shi ma yana ƙara yiwuwar abin. Amma a mafi yawan yara ba a samun wani sababi da za a nuna da yatsa, saboda haka zalunci ne a ɗora wa uwa laifi, a ce ta yi yawon almuru ko ta taka wani abu, ko a soma zargin kishiya da tsohuwar maƙwabta da maita, alhali baiwar Allah tana fama da jariri wanda ba ya barci ba ya ƙoshi.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne ga wanda aka sanar da shi. Jariri ne za a ga yana kama nono ya saki, yana haki, gumi na keto masa a goshi, watanni su shuɗe nauyinsa bai ƙaru ba, tari da ciwon haƙarƙari su yi ta komo masa. Wani kuma leɓɓansa da harshensa da faratansa su yi duhu-duhu, musamman idan ya yi kuka, in ya soma tafiya kuma a ga yana wasa yana tsugunawa domin numfashi ya dawo masa. Ƙananan ramuka da yawa sukan toshe da kansu, ba a bukatar komai sai sa ido. Babban rami kuwa, idan aka bar shi shekaru, jinin da ke kwarara zuwa huhu fiye da kima yakan taurara jijiyoyin huhun, har a kai matsayin da ko an samu kuɗin, likita zai ce lokacin aiki ya wuce.

Aikin zuciyar yara ba sabon ilmi ba ne. A 1944, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, likitoci Helen Taussig da Alfred Blalock, tare da mataimakinsu Vivien Thomas, baƙar fata wanda talauci ya hana shi karatun likita amma shi ya ƙware a dabarar ɗinkin, suka yi aikin farko na ceton jariran nan masu duhun leɓe. A Nijeriya an yi aikin buɗe zuciya na farko a Inugu a 1974, bisa jagorancin Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub, Bamisiren likitan nan da ya yi suna a Ingila. Ga shi yau an haura shekara hamsin, amma aikin yana tafiya ne yana tsayawa, asibitoci da dama suna jiran ayarin likitocin waje su zo su yi mako ɗaya ko biyu su koma. A Sudan kuwa, cibiyar Salam da wata ƙungiyar agaji ta Italiya ta buɗe kusa da Hartum a 2007 ta yi wa dubban mutane daga ƙasashen Afirka aiki ba tare da karɓar ko kwabo ba. Kuma wanda aka gyara wa zuciya a kan kari yana iya rayuwa cikakkiya: Nwankwo Kanu, da aka gano lahani a ƙyauren zuciyarsa a 1996, an yi masa aiki ya koma filin ƙwallo ya yi shekaru yana bugawa.

Sai kashi na biyu, wanda dominsa muka ɗauki alƙalami. Yaro ne da aka haifa da zuciya lafiyayya sarai, ya kai shekara biyar zuwa sha biyar, sai ciwon maƙogwaro ya kama shi da zazzaɓi, haɗiyar yawu ta gagara, kaluluwa ta fito a wuya. Uwa ta ba shi ruwan ɗumi da gishiri, ko a sayo farasitamol a kyamis, ko a kira wanzami ya cire belu, bayan kwana uku ko huɗu ciwo ya lafa, kowa ya manta. Galibin ciwon maƙogwaro, wanda ke zuwa da mura da tari, hakika yakan wuce ba tare da wata illa ba. Amma akwai wanda wata ƙwayar cuta mai suna sitireftokokas ke haddasawa, kuma a jikin wasu yara garkuwar jiki, bayan ta yaƙi ƙwayar, sai ta ruɗe ta juya kan jikin mai ita, saboda kamannin da ke tsakanin ƙwayar da naman zuciya. Bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi ya dawo, gwiwa ta kumbura, ta saɓe, idon sawu ya ɗauka, ya saki, gwiwar hannu ta karɓa, a ce sanyi ne ko amosani. Wata yarinyar kuma sai hannuwanta da fuskarta su kama motsi ba da nufinta ba, ta kasa riƙe cokali ko alƙalami, a ce iska ce, a yi ta turare da ruƙiyya, alhali alama ce daga alamomin wannan cuta. Gaɓoɓi suna warkewa ba tabo, amma ƙyauren zuciya, musamman wanda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu, yakan yi tabo, kuma duk lokacin da ciwon maƙogwaron ya komo tabon ƙaruwa yake yi, har ƙyauren ya kasa rufuwa ko ya kasa buɗuwa, saurayi ɗan shekara sha bakwai ya wayi gari ƙafafu a kumbure, ba ya iya kwanciya sai a jingine.

Wannan cuta ta matalauta ce, tana bin cunkoson ɗaki da ƙarancin iska da nisan asibiti, kuma duk wanda ya san yadda yara ke kwana a zaurukan makarantun allo da ɗakunan kwanan makarantun gwamnati, musamman da hunturu, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi. A Turai da Amurka, inda a dā take cika asibitocin yara, ta kusa zama labari, saboda gyaruwar muhalli da samuwar fenisilin, wanda tun 1950 likitocin sojan Amurka suka tabbatar cewa idan an yi maganin ciwon maƙogwaro da shi zazzaɓin nan ba ya biyo baya. Duk da haka, a duniya mutum sama da miliyan 40 ke ɗauke da ita, tana kashe sama da 300,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da kudancin Asiya, abin da ya sa babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kanta a 2018. Wani bincike da aka yi a makarantun Mozambik da Kambodiya, aka buga a 2007, ya nuna cewa na'urar hoton zuciya tana gano masu cutar ninki goma na waɗanda likita ke ganowa da abin sauraron ƙirji. A Gulu ta ƙasar Yuganda kuma an raba yara masu cutar a matakin farko gida biyu, aka riƙa yi wa kashi ɗaya allurar fenisilin kowane mako huɗu har shekara biyu. Cikin waɗanda ba a yi wa ba, kimanin 8 cikin 100 ciwonsu ya ci gaba, cikin waɗanda aka yi wa kuwa bai kai 1 cikin 100 ba. Hujja ba ta wuce wannan.

Wanda abin ya fi yi wa tsanani ita ce 'ya mace, domin ƙyaure mai tabo yana iya yin shiru har a yi mata aure, sai ciki ya ƙara yawan jinin da zuciya ke ɗauka, a nan ne numfashi zai gagara, a rasa uwa ko ɗa ko duka biyu, dangi su ce haihuwa ce ta zo da gardama. In kuma an yi sa'a an sa mata ƙyauren ƙarfe, to, ta shiga shan maganin tsinka jini da gwaji a kai a kai iyakar rayuwarta, maganin da shi kansa yana da haɗari ga ɗan tayi. Haka nan mashaƙo, wanda ya addabi Kano da maƙwabtanta tun daga ƙarshen 2022, ya kuma taɓa yankin Damagaram, dafinsa zuciya yake kamawa, kuma rigakafinsa yana cikin alluran da ake yi wa jarirai kyauta.

Malamanmu sun karantar da mu cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, kuma neman magani ba ya warware tawakkali, sannan ilmin likitanci farilla ce ta kifaya, wadda idan al'umma ta rasa masu tsayuwa da ita laifin yana hawa kan kowa. Bisa wannan muke kira ga gwamnatocin jihohi da su tabbatar fenisilin mai daɗewa a jiki bai yanke ba a kowane ƙaramin asibiti, a horar da ma'aikata yadda za su yi allurar cikin natsuwa, domin da yawansu tsoronta suke ji, a kuma buɗe littafin da za a rubuta sunan kowane yaro da zazzaɓin ya taɓa kamawa, a riƙa bibiyarsa wata-wata, tun da allurar kariya takan ɗauki shekara goma ko fiye, kuma ba a sa ran yaro ya jure wannan ba tare da mai tuna masa ba. Lardin Pinar del Rio na ƙasar Kuba da irin wannan tsari mai araha ya karya lagon cutar tsakanin 1986 da 1996. Game da aikin tiyata kuwa, ra'ayinmu shi ne cibiya guda tsayayya wadda jihohin Arewa za su haɗa hannu su riƙe, mai likitoci da ma'aikatan jinya mazauna da wutar da ba ta ɗaukewa, ta fi gine-gine goma da ake buɗewa da biki a rufe da kwaɗo. Mawadata masu neman inda za su yi waƙafi ko sadaka mai gudana, ga wuri nan.

Ku kuma iyaye da malaman makarantun allo da na boko, idan yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ba tare da mura ba, ku kai shi ma'aikacin lafiya ya duba a ranar, kada a kira wanzami; in an rubuta ƙwayoyi na kwana goma, a shanye su duka ko da ciwo ya lafa a rana ta uku. In kuwa gaɓoɓinsa suka soma kumbura ɗaya bayan ɗaya, ko kuka ga jariri yana gumi yana haki a bakin nono, ku faɗa wa likita ƙarara cewa kuna so a duba zuciyarsa.