Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin hutawa na ɗalibai a daren da ƙungiyar da yake goyon baya ta sha kaye, ya san yadda shari'a take gudana a wurin. Kowa alƙali ne, ba a jiran shaida, hukuncin kuma ɗaya ne, watau a kori mai horarwa. Mu ma ba mu kuɓuta daga wannan hali ba. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu labarin abin da ya sami ƙungiyar wata jami'a a Amurka, domin mu auna kanmu da shi.

Wasan da muke magana a kai shi ne ƙwallon ƙafa irin na Amurkawa, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ana gudu da ita a hannu, ko kuwa a jefa wa abokin wasa ya cafe. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna ya sami maki 3. A can, wasan jami'o'i ba abin wasa ba ne. Filin Jami'ar Jihar Ohio da ke birnin Columbus yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 100,000, kuma babbar kishiyarta ita ce Jami'ar Michigan, wadda suka fara karawa da ita tun 1897.

Ran 30 ga Nuwamba, 2024, Michigan ta je Columbus tana da nasara 6 da faɗuwa 5 a kakar, alhali kuwa Ohio ita ce ta biyu a ƙasar baki ɗaya. Kusan kowa ya ɗauka an gama magana. Amma aka tafi hutun rabin lokaci 10 da 10, bayan an dawo kuma Ohio ba ta ƙara ko maki ɗaya ba. Saura daƙiƙa 45 a tashi Michigan ta buga ƙwallo ta shiga, aka tashi 13 da 10. Wannan shi ne karo na 4 a jere da Michigan ta kayar da ita. Da 'yan wasan Michigan suka nemi kafa tutarsu a tsakiyar fili sai faɗa ya kaure, har 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa, daga baya aka ci kowace jami'a tarar dala 100,000.

To, me magoya bayan Ohio suka ce? Maganarsu ta kasu kashi biyu, kuma a nan ne darasin yake.

Kashi na farko suka ne a kan yadda aka yi wasan. Sun ce ƙarfin Michigan yana tsakiyar masu tsaron gabanta, inda take da ƙarti biyu, Mason Graham da Kenneth Grant. Ita kuwa Ohio ta rasa biyu daga cikin manyan masu buɗe wa mai gudu hanya saboda rauni. Duk da haka sai ta dage da turo ƙwallo ta tsakiya, ta yi ta karo da bango, ta bar gwanayenta na cafe ƙwallo, irin su saurayin nan Jeremiah Smith, suna kallo. Ban da wannan, mai jefa ƙwallonta Will Howard ya jefa biyu a hannun abokan hamayya, mai bugunta kuma ya ɓarar da bugu biyu. Wannan suka gaskiya ce, kuma mai ido ne kaɗai yake iya yin ta.

Kashi na biyu hukunci ne: a sallami mai horarwa Ryan Day. Mutumin nan kuwa a ranar yana da nasara 66 da faɗuwa 10 kacal. Waɗansu ba su tsaya a nan ba, har iyalinsa suka yi wa barazana. Wannan ba ƙaunar ƙungiya ba ce, fushi ne ya sami wurin sauka.

Jami'ar ba ta kore shi ba. A shekarar ne aka faɗaɗa gasar cin kofin ƙasa daga ƙungiya 4 zuwa 12, Ohio ta sami shiga. Ta sake salon wasa, ta saki hannu wajen jifa. Ta doke Tennessee 42 da 17, ta doke Oregon 41 da 21, ta doke Texas 28 da 14, ran 20 ga Janairu, 2025 kuma ta doke Notre Dame 34 da 23 ta ɗauki kofi. Kwana 51 ne tsakanin daren kuka da daren murna, mai horarwa ɗaya, 'yan wasa su ne dai.

Kada a ce muna nufin masu suka sun ji kunya. Waɗanda suka nuna inda aka yi kuskure su ne gaskiyarsu ta fito, domin abin da suka ce a gyara shi aka gyara. Waɗanda suka ce a rushe gida saboda ɗaki ɗaya yana yoyo, su ne suka yi kuskure. Kuma dole mu faɗi gaskiya cewa sa'a ta taimaka, domin da tsohon tsarin ƙungiya 4 ake bi, da wuya ƙungiyar da ta faɗi sau biyu ta sami shiga, da kuwa masu fushi sun ci gaba da ganin su ke da gaskiya har abada. Amma ingancin ƙungiyar bai dogara ga wannan sa'a ba. Yana nan tun daren da ta faɗi, fushi ne ya hana a gan shi.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, abin da ya sa muka damu shi ne, yawancinmu gobe za mu zauna a ofisoshi, a ajiye fayil a gabanmu a ce mu yanke hukunci a kan malamin da ɗalibansa suka faɗi jarrabawa, ko ma'aikacin da aikinsa ya lalace. Wanda ya saba a filin ƙwallo da cewa duk kaye maganinsa kora, haka zai yi a kan teburinsa. Ya kamata tun yanzu mu koyi yi wa kanmu tambaya uku kafin mu buɗe baki. Mene ne ainihin abin da ya lalace? Yana gyaruwa? Me wannan mutum ya yi a sauran ranaku?

Ba mu ce a yi shiru ba, domin ƙungiyar da magoya bayanta ba sa faɗa mata gaskiya ta kama hanyar mutuwa. Ran da tamu ƙungiyar ta dawo da kaye, mu je mu gaya mata inda ta ɓata, dalla-dalla, ba zagi. Hukuncin kora kuwa mu bar shi ya kwana tukuna. Allah ya sa mu gane.