Zaɓen Ƙananan Hukumomi: Wa Ya Zaɓi Kansilan Ungogo?

Ranar Asabar 26 ga Oktoba, 2024 aka ce an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano. Da hukumar zaɓe ta jiha, wato KANSIEC, ta bayyana sakamako, sai ga jam'iyyar NNPP ta kwashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484, ba ta bar ko guda ba. Kafin wani ya ce muna gaba da jar hula, to ya saurara. A Janairun 2021 APC ce ta kwashe duka 44. Haka a Fabrairun 2018, zaɓen nan da hotunan yara ƙanana riƙe da ƙuri'a suka bazu a duniya. Haka a Mayun 2014. Duk jam'iyyar da ke zaune a gidan gwamnati, ita ce mai nasara a ko'ina.

Shin wannan ita ce Kanon da muka sani? Kanon NEPU da Malam Aminu, wadda ta kayar da gwamna mai ci a 2003? A zaɓen gwamna na 2023 APC ta sami ƙuri'a fiye da dubu 890. Za su ce ai ta ƙaurace wa zaɓen 2024 ne. Ƙwarai, domin ta san girkin, ita ma da hannunta ta taɓa dafa shi.

Mu ɗauki Ungogo, mai mazaɓu 11, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutane fiye da dubu 360. Birni ya riga ya haɗiye Rijiyar Zaki da Bachirawa, kuma yana ta cin gonakin Panisau da Rangaza da Gayawa. Gonar da kaka ya noma gero da dawa, yau an yanka ta fuloti-fuloti, magada suna kai juna gaban alƙali. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa wa ƙaramar hukuma ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a filayen karkara. Makarantar firamare, da ɗakin shan magani, da kasuwa, da maƙabarta, duk tsarin mulki ya sa mata hannu a cikinsu. Gwamna yana da nisa, sanata ba a ganinsa. Kansila shi ne wanda manomi zai iya yi wa sallama a ƙofar gida. To idan ba manomin ne ya ɗora shi ba, da wane dalili zai saurare shi?

Lallai ainihin zaɓen ba a rumfa ake yinsa ba. Ana gama shi ne tun wurin fid da gwani, da sunan abin da suke kira maslaha. Subhanallah! Kalma ce mai daraja a wurin malaman Usulu, ma'anarta jawo wa jama'a amfani da tunkuɗe musu ɓarna. Yau ta koma wasu 'yan tsiraru su shiga ɗaki, su fito da suna, a umarci sauran masu nema su janye. Wanda ya fito ta wannan ƙofa ya san ubangidansa, kuma shi zai yi wa hidima. Sannan a 2024 hukumar zaɓe ta yanka naira miliyan 10 kuɗin takarar shugaba, miliyan 5 na kansila, har magana ta kai kotu. Wane malamin firamare ne a Karo ko Kadawa yake da miliyan 5, in ba wani ne ya saye shi ba?

Ba a ɓoye dalilin wannan kwaɗayi yake ba. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan kuɗin kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe ƙananan hukumomi, ba kantomomi ba. Sai jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe, kusan kowace jam'iyya mai mulki tana cinye nata. An cire rigar kantoma ne aka sa masa ta zaɓaɓɓe.

A nan maganarmu ta dawo gida. Ƙuri'a shaida ce, takardar sakamako ma shaida ce, shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai. Malamin makarantar da aka ɗauka aikin zaɓe ya sa hannu a kan adadin da bai ƙirga ba, da wakilin jam'iyyar da ya karɓi 'yan kuɗi ya kau da kai, da malamin da aka gayyato ya rufe taron rantsarwa da addu'a alhali ya san yadda aka yi, kowannensu ya ɗauki kasonsa. Cikinsu akwai masu sallah a sahunmu.

Muna kira ga 'yan majalisar tarayya na Kano da su goyi bayan gyaran tsarin mulki da zai fitar da wannan zaɓe daga hannun hukumar da gwamna ke naɗa wa shugabanni. Kafin nan, 'yan'uwanmu na kowace mazaɓa ta Ungogo su haɗa dattawa su je wurin kansilansu, su tambaye shi a rubuce nawa ya shigo asusun ƙaramar hukuma a watan da ya wuce, kuma ina aka kai shi.