Diyyar san huɗa ta wuce kuɗin namansa

A ƙauyukan Gazawa, Agye da Gidan Runji a Nijar, sa da jaki su ne ƙarfin gida. Su ke jan garma a gonar gujiya da aya, su kai taki daji, su jawo guga a rijiya mai zurfi, su ɗauki mai naƙuda a amalanke zuwa likita. Duk da haka, in aka sace ɗaya ko aka sare shi don huce haushi, lissafin da ake yi a wajen shari'a ko sulhu yakan tsaya kan kuɗinsa a kasuwa. Wannan lissafi ya gaza, kuma ya kamata alƙalai su faɗaɗa shi.

A duba abin da ke faruwa in aka datse wa sa agara a farkon damina. Dole a yanka shi a ranar, mahauta su saye shi yadda suka ga dama. Ɗan'uwansa da suke jan garma tare ya zama zaman banza, domin shanun huɗa bibbiyu suke aiki. Ko an sayo wani, sai an hore shi, kafin nan ruwan shuka ya wuce. Jaki kuwa asararsa ta fi muni, tunda ba a cin namansa, kuma tun da fataucin fatarsa zuwa Sin ya sa Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, maye gurbinsa ya fi ƙarfin talaka. Abin da aka raba mai dabbar da shi, amfanin shekara ne da kuɗin ƙodagon da yake samu a gonakin maƙwabta.

Dokar Nijar ta ba wanda aka cuta damar neman diyya a cikin shari'ar laifin kanta, amma manomi da yawa bai san da haka ba. Sai a ɗaure mai laifi, a ci shi tara, tarar ta shiga baitulmali, mai dabba ya koma gida hannu rabbana. Alhali a Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa da bayin wani mai suna Haɗib suka sace taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka, Sayyadina Umar ya sa ubangidansu ya biya dirhami 800 maimakon 400. Malik bai ɗauki ninkawar a matsayin ƙa'ida ba, amma hukuncin ya nuna cewa mai dabbar aka fara dubawa.

Za a ce mai dabba zai yi ƙari. Ai kuɗin huɗar yini sananne ne a kowane ƙauye, ma'aikatan kiwo na iya tantance rauni, dillalan kasuwa kuma sun san farashi. Za a ce mai laifin matalauci ne. To a raba masa biyan, wani a kaka, wani a kaka mai zuwa, amma kada talaucinsa ya zama hukunci a kan wanda aka cuta. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta 'yan bindigar da ke kora shanu a iyakar Gidan Runji da Nijeriya, waɗanda ba kasafai suke zuwa gaban alƙali ba. Gaskiya ne, sai dai dabbar sata ba ta sayar da kanta. Mai saye da mai ɓoyewa suna da gida da dukiya, kuma doka ta hukunta karɓar kayan sata.

Masu cewa a bar wa masu gari da sarakuna su sasanta suna da gaskiya ta fuskar sauri. Amma sulhun da ba a rubuta ba, wanda ake rufewa da "a yi haƙuri", yakan bar gaba a ƙasa. Gidan Runji ta ga inda rikicin gona da dabba ke kaiwa: a Toda, cikin Oktoban 1991, an kashe fiye da mutum 100, akasarinsu mata da yaran Fulani. Yadda ake ƙiyasta ɓarnar da shanu suka yi a gona a biya manomi, haka ya kamata a ƙiyasta aikin dabbar da aka kashe, a rubuta adadin da ranar biya, alƙali ya sa hannu.