Gidan Ƙasa Ba Tsufa Ke Kashe Shi Ba

Duk wanda ya tsaya a bakin gadar Wudil da hantsi zai ga abin da na ke so in yi magana a kansa. Manyan motoci ne ke fitowa daga gaɓar kogi, wannan na bin wannan, an loda musu yashi har yana zuba, sun miƙi hanyar Kano. Bulo za a buga da yashin nan. In ka bi sawun motar, ko dai sabon fegi za ta a bayan gari, ko kuwa wani lungu na cikin Birni inda aka ture wani tsohon soro jiya. Ni dai ba na ganin motocin nan ban tuna da gidan kakana ba. Shi ya sa na roƙi Edita ya ba ni fili in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu abin da ke raina. In na yi kuskure, wani ya gyara mini a fitowa ta gaba.

Gidan nan a cikin Birni ya ke, ba nisa da Kasuwar Kurmi. Zaurensa ɗaurin guga ne. In ka shigo daga rana tsaka ta bazara sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa, don sanyi. Kowace shekara, da an ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai tsohon ya aika a kira magini. Mu yara namu ɗiban ruwa da tattaka ƙasa, mata suna dafa abinci, magini yana bisa yana toshe tsaga, yana gyara zanko, yana daidaita indararo. Aikin kwana uku ne ko huɗu. Ban taɓa jin an kira shi wahala ba, don a wurinmu kamar wani ƙaramin biki ne.

Da tsohon ya rasu sai gida ya zama na magada, maza da mata. Waɗansu suna Kaduna, waɗansu Legas, waɗansu sun yi nasu gini a sababbin unguwanni. Ba wanda ya iya buɗe baki ya ce a raba, gudun kada a ce yana ɗokin gadon ubansa. Ba kuma wanda ya yarda ya zuba kuɗinsa shi kaɗai a gidan da ba nasa shi kaɗai ba. Aka sa 'yan haya, kowa ya kama gabansa. Wata damina indararo guda ya karye. Abin da za a kashe a sake shi bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, amma ɗan haya ya ce na masu gida ne, masu gida kowa ya ce ai wane ya fi kusa. Ruwa ya riƙa bin bango yana cin gindinsa. A damina ta uku soron ya zauna da tsakar dare. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Aka sayar wa wani ɗan kasuwa, yau jerin kantuna ne a wurin. Da na yi tambaya, amsar da kowa ya ba ni ita ce, “Ai gidan ya tsufa.”

To, wannan magana ita ce na ke so in musanta, domin ba gaskiya ba ce, kuma ita mu ke rufe laifinmu da ita. In tsufa ke kashe gidan ƙasa, yaya Gidan Makama ya ke tsaye, alhali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a ke labarinsa? Yaya Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Baturen nan ya zauna sa'ad da ya buɗe makaranta a 1909, har yanzu a ke shiga a fita? Ba wata ƙasa ta daban aka kwaɓa musu ba. Abin da suka fi gidan kakana da shi ɗaya ne, watau suna da wanda in bango ya tsage shi za a tambaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ne, amma ai ba ƙadangaren ne ya tsaga bangon ba.

Ya kamata mu gane irin ginin da mu ke magana a kai, don da yawa cikinmu mun tashi ba mu taɓa ganin an ɗora tubali ba. Magini ya kan faɗaɗa gindin bango, ya riƙa rage kauri yana hawa, don nauyi ya zauna a ƙasa. Rufi da azara a ke yi, watau itacen giginya, wanda gara ba ta cika iya masa ba. Da ya ke azara ba ta ɗaukar nauyi a kan tazara mai faɗi, sai magina suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga, har su ka iya rufe babban ɗaki ba ginshiƙi a tsakiya. Wanda ya ke so ya ga iyakar gwanintar nan sai ya je Zariya ya dubi abin da ya rage na ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a. Maganin ruwa kuma suna da shi. Akwai makuba, daga kwasfar ɗorawa. Akwai laso, wanda a ke haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Ku duba fa: sharar marini da sharar majemi su ne kayan aikin magini. Sana'o'in Birni riƙe su ke da hannun juna, in ɗaya ta faɗi sai ta ja 'yar'uwarta.

Amma duk dabarar nan a kan sharaɗi guda ta ke, shi ne a koma kan ginin kowace shekara. Magini bai taɓa yi wa kowa alkawarin ya gama har abada ba. Mutanen Jenne, a ƙasar Mali, sun riƙe wannan. Babban masallacinsu na yanzu a 1907 aka gina shi, kuma kowace shekara gari ya kan fito kwansa da kwarkwatarsa a yi masa yaɓe, har itatuwan da ke fitowa daga jikin bangon su ne matakan masu hawa. Mu kuwa mun bar yaɓe, sa'an nan muka juya muka ce ƙasa ba ta da ƙarko. Waɗansu ma sai su shafe bangon ƙasa da siminti, suna ganin sun huta. Ba su huta ba. Siminti ba ya kama ƙasa, ruwa ya kan shiga ta bayansa ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, ran nan sai ka ga ɓawon ya zube gaba ɗaya.

Na san abin da waɗansu za su ce, kuma ba na raina maganarsu. Za su ce gidajen ƙasa suna rushewa da damina su danne mutane, kuma gaskiya ne, ba shekarar da ba a jin irin wannan mugun labari. Za su ce giginya ta yi wuya, ƙwararrun magina sun ƙare, mutane sun yi yawa, filin da ya ɗauki gida guda dā yanzu iyali biyar ke nemansa. Za su ce yarinyar zamani ba ta yarda a kai ta ɗakin ƙasa. Duk na ji. Ba kuwa cewa na ke yi kowa ya koma tubali ba. Ni ma ɗakin da na ke rubuta wannan takarda bulo ne da kwano, ga shi kuwa gumi na zuba a kanta. Abin da na ke cewa shi ne, in ka bincika gidajen da ke danne mutane, sau da yawa za ka tarar irin na kakana ne: gidan gado, masu shi da yawa, mai kula babu. Talakan da ya rasa wurin zama shi ke kama haya a ciki, shi kuma ke kwana a ƙarƙashin azarar da ba wanda ya duba shekara da shekaru. Ashe ba maganar sha'awar kayan gargajiya kaɗai ba ce, har da haƙƙin rai.

Abin da ya sami gida shi ya sami garin duka. Ganuwar Kano, wadda aka ce Sarki Gijimasu ya fara, sarakunan bayansa su ka yi ta ƙarawa, dā aikin gayya ke riƙe da ita. Tun da Turawa suka ci Kano a 1903 ta rasa amfaninta na yaƙi, ta zama ita ma gidan gado, ta kowa ce, ba ta kowa ba. Wannan ya ɗebi ƙasa, wancan ya yanki fegi. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da sabon gini. Kududdufai kuma, waɗanda daga cikinsu aka haƙo ƙasar da aka gina Birni, su ne ke shanye ruwan sama. Ba na musun suna tara sauro da ƙazanta. Amma da aka cike da yawansu aka yi gini a kai, ba a tanadar wa ruwan wata hanya isasshiya ba, sai ya koma yana kwana a tsakar gidajen mutane, gidajen ƙasa kuwa su ya fara ci.

Sa'an nan akwai hasarar da ba a gani da ido. Sunayen unguwannin Birni littafi ne ga mai iya karatu. Tudun Nufawa, Agadasawa, Zangon Barebari, kowanne yana gaya maka daga ina baƙi su ka zo su ka zama 'yan gari. Dandalin Turawa ba Turawan Ingila ba ne, Larabawan da su ka ƙetaro Sahara ne da fatauci. Irin wannan sani ba a takarda ya ke ba, a bakin tsofaffi ya ke, wurin zamansu kuwa zaure. Nan a ke karatun allo, nan a ke ɗaurin aure, nan a ke sasanta rigima, nan baƙo ke kwana ba a tambaye shi ko sisi ba. In zaure ya zama kanti, tsohon da ke zama a ciki ina za shi? Sai a ɗauke shi a kai shi gidan ɗansa a bayan gari, a bayan katanga da ƙofar ƙarfe, inda ba wanda ya san shi balle ya tambaye shi labarin dā.

Kada kuma mu zaci sabon gini shi ne maganin kome. Mutanen Ingila sun gwada. A birnin Manchesta, wanda kakanninmu su ka daɗe suna sayen tufafin masaƙunsa, hukuma ta share tsofaffin gidajen talakawa na unguwar Hulme, ta warwatsa maƙwabta, ta gina waɗansu dogayen benaye huɗu na kankare, aka gama a 1972. Ba a jima ba danshi da kyankyasai su ka addabi mazauna, masu 'ya'ya su ka yi ta neman a fid da su. A 1993 aka fara rushe benayen, shekara 21 ke nan kacal. Kankare ma, in ba mai kula, bai kai rabin kwanan soron kakana ba.

Mu da ke Wudil kada mu ce wannan ciwon mutanen Birni ne. Tun da aka buɗe jami'a a nan a 2001 gari ya ke ta buɗewa, ɗakunan haya na ɗalibai suna ta tashi, bakin titi ya yi tsada. Alheri ne, ba na baƙin ciki da shi. Amma ku bar titi ranar Juma'a, bayan an tashi daga kara, ku shiga cikin tsohon gari ku ɗaga kai ku dubi indararo. Za ku ga abin da na ke faɗi ya riga ya fara.

To, mene ne namu a ciki, mu da a ke koya wa aikin malanta? Ba mu da kuɗi, ba mu da hukunci, amma kusan kowannenmu yana da rabo a wani gidan gado, kuma mu a ke kira a karanta takarda in magana ta taso. In mun koma hutu, sai mu cire kunyar nan da ke rushe gidaje, mu tara dangi a yi magana. Rabon gado umarni ne na Shari'a, jinkirta shi ba ladabi ba ne, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. In za a raba, a raba. In za a bari, a naɗa mutum guda da sunansa, a ware wani abu daga kuɗin haya a hannunsa don gyaran shekara, a rubuta, shaidu su sa hannu. In kuwa ba makawa sai an rushe, to, kafin a sa diga a auna gidan, a zana fasalinsa, a ɗauki hotonsa, a zauna da mafi tsufa a gidan a rubuta wa ya gina, daga ina ya zo, wace sana'a aka yi a zauren. Wannan bai fi ƙarfin ɗalibi mai littafi da alƙalami ba. Ni ban yi ba, sai da aka kwashe ƙasar na farga, yanzu ko yawan ɗakunan gidan sai mun yi gardama da 'yan'uwana.

Ina kuma roƙon malamanmu, da ya ke ana koya mana aikin hannu, su nemo mana tsohon magini guda daga cikin gari tun ana samunsu, ya nuna mana yadda a ke kwaɓa ƙasa, da haɗa makuba, da ɗora azara. A ba mu wani gefe a bayan ɗakunan kwana mu tā da ɗan zaure da hannunmu, kowane aji mai zuwa ya gāji yaɓensa kafin ruwa ya sauka. Ni na ɗauki ɗiban ruwa, don shi na iya tun ina yaro.