Lambar Girma Da Mai Karɓarta Take Ado

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, to amma shi yabo ba ya da armashi sai ya sauka a kan wanda ya cancanta. A kan wannan ne Gwamnatin Soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa doka a shekarar 1979, ta ƙago lambar yabo ta ƙasa domin mutanen da suka yi fice wajen ilmi da fasaha, dabam da lambobin girma irin su CFR da OON waɗanda ake rabawa tun cikin shekarun 1960.

Duk mai son ya san nauyin wannan lamba, sai ya dubi mutum huɗun da aka fara ba su a shekarar. Akwai Farfesa Teslim Elias, masanin shari'a, wanda ya riƙe muƙamin Babban Jojin Nijeriya, daga baya kuma ya shugabanci Kotun Duniya. Akwai Farfesa Adeoye Lambo, likitan masu taɓin hankali, wanda ya ɓullo da dabarar zaunar da majinyata a cikin ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, maimakon a kulle su bayan ƙarfe. Akwai Chinua Achebe, marubucin da littafinsa na 1958 ya zaga duniya. Na huɗunsu kuwa shi ne Alhaji Abubakar Imam, ɗan Kagara, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya koya wa talaka cewa jarida ma tana iya yi masa magana da harshensa.

Shekara ta zagayo, a 1980 sai aka ba Ladi Kwali, mai ginin tukwane, wadda ba ta yi zaman aji ba, amma hannunta ya kai sunan Nijeriya Ingila da Amurka. Hotonta ne aka sa a bayan takardar Naira 20. Wannan zaɓi ya nuna cewa masu tantancewa aikin mutum suka duba, ba su tsaya ga takardar shaida ko dukiya ba.

To, amma fa ba kowace lamba ce ta tsira da mutuncinta haka ba. Lambobin girma na ƙasa sun zama abin da ake rabawa da yawa, har a 2022 aka ba mutum fiye da 400 a zama ɗaya, galibinsu masu riƙe da muƙamai da attajirai. Abin da ya yi yawa kuwa arha yake yi. In minista zai sami lamba don kawai yana minista, ina abin da malamin firamare wanda ya shekara 30 yana cin alli zai sa rai a kai?

Shi kansa Achebe ya ba da amsa. A 2004 aka miƙa masa CFR ya ƙi karɓa, saboda halin da jiharsa ta Anambra ke ciki, aka sake miƙa masa a 2011 ya sake ƙi. Haka lauya Gani Fawehinmi ya mayar da OFR a 2008. Da yake jama'a sun san aikin mutanen nan biyu, ƙin karɓar tasu ya fi karɓar wasu ɗaruruwa amo a ƙasa.

Saboda haka ya kamata hukuma ta rage yawan waɗanda take ba lamba, ta bayyana wa jama'a aikin da kowannensu ya yi, kuma ta jira mai muƙami ya sauka tukuna a ga abin da ya bari. Ya kamata kuma a riƙa girmama mutum tun yana da rai. Abubakar Imam ya rasu a 1981, Ladi Kwali a 1984. Da an yi jinkiri kaɗan, da sai dai a kai lambar wa magada. Har yanzu akwai ire-irensu a ɗakunan karatu da asibitoci da ofisoshin jaridu, suna aiki ba tare da maroƙi ba. Allah ya sa a gane su tun da sauran lokaci, amin.