Kafin a saka wa mota mai rimot babban batir, a fara duba ESC

Duk wanda ya saba da wayar hannu ya saba da lissafi guda ɗaya game da batir: idan lambar mAh ta yi yawa, wayar za ta daɗe ba a sa ta caji ba. Da wannan lissafin ne matasa da dama ke shiga harkar motoci masu rimot, irin waɗanda ake odarsu daga AliExpress, kuma shi ne ke sa su asarar kuɗi. Mutum zai ga motarsa ba ta gudu kamar ta bidiyon YouTube, sai ya je ya nemo batirin da ya fi nasa manyan lambobi ya jona. Bayan minti kaɗan sai warin ƙonewa.

A cikin irin wannan mota abubuwa uku ne ke aiki tare: batir, injin lantarki da ke juya tayoyi, da na'urar sarrafa gudu da ke tsakaninsu, wadda aka fi sani da ESC. Ita ce ke karɓar umarni daga rimot ta buɗe wa injin wuta daidai yadda aka matsa. Ita ce kuma ke da iyakar da ba a tsallakewa, don haka daga kanta ya kamata a fara lissafi kafin a sayi komai.

Lambar mAh girman tanki ce kawai. Batir mai 5000mAh zai fi mai 2200mAh daɗewa, amma ba zai ƙara wa mota gudu ba, kuma ba zai ƙona komai ba matuƙar ya shiga wurinsa kuma nauyinsa bai yi yawa ba. Lambar da ke yin ɓarna ita ce ta ƙarfin tura wuta, wadda ake rubutawa da V. Ƙwayar batirin LiPo guda ɗaya 3.7V ce, idan ta cika ta kai 4.2V. Ƙwaya biyu a jere su ne 2S, wato 7.4V, ƙwaya uku kuma 3S, wato 11.1V, kuma cikakken 3S yana kai 12.6V. ESC ɗin da aka rubuta 2S a jikinsa an ƙera kayan cikinsa ne don 8.4V.

Shi ma injin yana da nasa lissafin. Injin da ba shi da burushi ana rubuta masa lambar KV, wadda ke nufin yawan juyawar da zai yi a minti ɗaya a kan kowane 1V idan babu kaya a kansa. Injin Velineon 3500 na kamfanin Traxxas, alal misali, zai yi kimanin juyi 25,900 a kan 7.4V, a kan 11.1V kuma kimanin 38,850. Ƙarin rabi ke nan a gudu, amma zafin da ke taruwa a wayoyin injin ya fi haka ƙaruwa, domin idan wutar da ke bi ta waya ta ninka sau biyu, zafin yana ninkawa sau huɗu. Kamfanin Hobbywing ya fayyace wannan a takardar ESC ɗinsa mai suna QuicRun 1060: yana ɗaukar 2S da 3S, amma a kan 2S ya yarda da inji mai naɗin waya 12T zuwa sama, a kan 3S kuma sai 18T zuwa sama. Wato idan aka ƙara ƙarfin batir, dole a koma inji mai sanyin gudu. Mafi yawan masu ƙona kayansu akasin haka suke yi.

Sai lamba ta uku, wato C, wadda ke nuna yawan wutar da batir zai iya saki a lokaci guda. Ana ninka ta da girman batirin: 2200mAh mai 25C zai ba da 55A, 5000mAh mai 30C kuma 150A. A nan babbar lamba ba ta cutarwa, tunda inji yana jan abin da yake buƙata ne kawai. Ƙaramar lamba ce matsala. Idan ESC na 60A ne batirin kuma bai iya kai wannan, batirin zai yi zafi, ya kumbura, motar ta riƙa shaƙewa da zarar an taka ta. Kuma da yake masu ƙera batura masu araha sun saba zuzuta lambar C, gara a bar rata mai faɗi.

Wannan ne ma ya sa dabarar ciro ƙwayoyin 18650 daga tsohon batirin laftof ba ta cika yin aiki ba, duk da cewa tana burge mai son rage kashe kuɗi. An yi su ne don su riƙa ba da wuta kaɗan kaɗan na tsawon awanni. Akwai 18650 masu ƙarfin saki, kamar Samsung 25R mai ba da 20A, amma ba irinsu ake samu a laftof ba.

Wasu za su ce sun jona 3S a ESC na 2S kuma motar ta yi gudu lafiya, ko kuma su ce ai ESC yana kashe kansa idan ya yi zafi. Gaskiya ne da yawa suna da wannan kariyar, sai dai zafi take gani, ba ta hana wutar da ta fi ƙarfin kayan ciki fasa su. Tsira sau biyu ko uku sa'a ce. Ga kuma yanayi: gwajin da aka yi a ƙasa mai sanyi ba zai yi daidai da Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ba, inda zafi ke haura digiri 40 tun kafin a kunna mota. Idan inji ya yi zafin da yatsa ba zai iya daɗewa a kansa ba, a tsaya, a sa masa ƙaramin giya mai ƙarancin haƙora.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne saitin nau'in batir. QuicRun 1060 yana da ɗan fulogi da ake zaɓar LiPo ko NiMH da shi. Idan aka bar shi a NiMH aka sa LiPo, ESC zai tsotse batirin har ƙasa da 3V a kowace ƙwaya, kuma irin wannan batirin ne ke kumbura ko ya kama da wuta wajen caji. Shi ya sa ba a barin LiPo a caji cikin ɗaki a tafi barci, kuma idan za a ajiye shi na kwanaki, a bar shi a kusan 3.8V kowace ƙwaya.

Mai son ƙarin gudu yana da hanya, sai dai tana da tsari: a karanta iyakar S da A a jikin ESC, a zaɓi injin da takardarsa ta yarda da shi, sannan a nemo batirin da zai iya ciyar da su biyun. Idan kuɗin bai kai a canza ukun tare ba, batirin 2S na biyu ya fi amfani, domin zai ninka lokacin wasa kuma motar za ta koma gida da tayoyinta.