Baƙo Da Ɗan Jagora

A biranen Turai, kamar Munich ta ƙasar Jamus, akwai wata sana'a. Ɗan gari yakan zaga da baƙo a ƙafa, ya nuna masa tsofaffin gine-gine, sa'an nan ya kai shi ɗanɗanon giya, a biya shi ladansa. Giya dai haramun ce, kuma an hana cinikinta a Jihar Katsina tun da aka kafa shari'a a shekarar 2000. Amma jagorar baƙo abin koyi ce.

Tun 2020, da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, na nesa in ya ji sunan garin sai ya tuna da tsoro. Faskari da Sabuwa ma haka. To, wa zai gyara sunan gari in ba mai gari ba?

Falken da ya zo sayen masara, ya kamata mai masaukinsa ya kai shi kasuwar Sheme, ya nuna masa inda ake haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, ya kai shi gaida malamai, sa'an nan a dama masa fura da nono. Abin da ya gani, shi zai faɗa a gida.

Allah ya ba ƙasar lafiya, amin.